Kuɓewar Tabawa a Gaban Majalisa

A Birnin Dabbobi, bayan tsohuwar tashar mota, akwai wani fili da ake kira Lambun Jama'a. An yanka shi fangali-fangali, kowa da nasa. Masu ƙananan ƙafafu su ke noma, masu manyan muryoyi su ke Majalisa. Shugaban Majalisar kuwa Zaki ne, wanda tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa sa ganye a baki ba. An ce shi ya sa ya cancanta, don wanda ba ya cin kayan lambu ba zai nuna son kai ba.

Tabawa bushiya ce, fangalinta huɗu can ƙarshen fili, kusa da kwata. A bazarar nan kuɓewa ta shuka, cikin zafin da ƙadangare ma sai ya yi shawara kafin ya tsallaka titi. Safe da yamma tana jido ruwa a gwangwani, sawu talatin, wata rana arba'in. Bakuna biyar ke jiranta a gida, kuma kuɓewar nan ita ce miyarsu: a ci ɗanya yanzu, a yanka saura a shanya don gaba.

Ran wata Talata ta latsa tsinin guda ɗaya da farce, ya ce ƙas. Ta yi ke nan. Duk wanda ya taɓa noman kuɓewa ya san sauran zancen: kwana uku, huɗu in an yi sa'a, daga nan ta zama itace.

Ta ɗauko kwando, sai maƙwabcinta Cindo, wani kwaɗo mai noman alayyahu, ya leƙo.

"Yaya Tabawa, ina za ki da kwando? Ba ki ji shela ba?"

"Wace shela kuma?"

"Ba tsinka, ba yanka, ba tugewa, sai Mai Girma ya buɗe girbi da hannunsa. Wanda ya taɓa ko ganye ɗaya, fangalinsa ya koma hannun Majalisa."

"To yaushe zai buɗe?"

"In tela ya gama ɗinkin anko."

Washegari Tabawa ta wanke ƙafafunta ta tafi Majalisa. Zaki ba ya nan, ya tafi rangadi. Kakakin Majalisa, hawainiya mai suna Barau, shi ya ba ta izinin magana.

Ta durƙusa ta ce, "Ranku ya daɗe, kuɓewa ce ta kawo ni. Ta yi. In ta wuce jibi ba a tsinka ba, ko tukunyar ƙarfe ba za ta dafa ta ba. Ku bar ni in ɗebe, in ajiye wa Mai Girma guda ɗaya a jikin itacen."

Barau ya yi kore shar, alamar ya tausaya. Sai Jatau talotalo, Shugaban Kwamitin Biki, ya miƙe ya baza jela, Barau ya fara komawa ja.

"Ya ku 'yan Majalisa masu daraja," in ji Jatau, "ban tashi don in muzanta wannan baiwar Allah ba. Amma ku duba abin da take nufi. Tana nufin kuɓewa ta fi Majalisa sanin lokaci. Rumfa ba ta iso ba. Kujeru ba su iso ba. Almakashin da Mai Girma zai riƙe yana wurin mai wasawa. A cikin wannan hali, wa ya ba kuɓewa izinin nuna? In muka bar ta yau, gobe tumatir ne, jibi albasa. Ina tsari? Ina ladabi?"

Aka yi tafi. Aka tafka muhawara har azahar, daga nan Majalisa ta zartar da ƙuduri, babu ko hamayya ɗaya, cewa kuɓewa ta dakata da girma har ranar biki. Aka buga hatimi, aka kafe takardar a kan sanda a bakin fangalin Tabawa.

Kuɓewa ba ta karanta ba.

Tabawa ta ci gaba da ban ruwa, don dokar ba ta hana wannan ba, kuma hannunta ya saba. Kullum sai ta latsa tsini, kullum farcenta ke lanƙwashewa. Latas ɗin maƙwabta ya yi tsawo ya yi ɗaci. Tumatir ya fashe a jikin uwarsa, ƙudaje suka yi nasu bikin ba tare da rumfa ba. A gida ana tambayarta miya, tana cewa ana kan shiri.

A rana ta goma sha tara aka yi bikin. Kwamiti ya zagaya lambu yana neman abin nunawa, bai ga komai mai kyan gani ba sai kuɓewar Tabawa, kowace ɗaya kamar ƙahon ɗan maraƙi. Nan aka kafa rumfa. Zaki ya iso, aka busa, aka yi kirari. Ya sa almakashi, almakashi ya ƙi. Aka kawo adda, ya sare guda ɗaya.

Ya jefa kuɓewar a baki ya fara tauna. Ya daɗe yana tauna. Har daga bakin tasha ana jin ƙarar.

"Wannan ita ce kuɓewa?" ya tambaya.

Barau, wanda yau ya yi ruwan zinariya irin na gashin Zaki, ya ce, "Ita ce, ranka ya daɗe. Ba a ma taɓa samun mai kyanta ba."

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, da an tsinke ta tun..." Jatau ya ɗaga fiffike, makaɗa suka ɗauka.

Zaki ya tofar da zare-zaren da suka maƙale masa a haƙora. Idanunsa sun kawo ruwa, kuma kowa ya ga ba na wasa ba ne.

"Jama'ata," ya ce, "shekara bakwai ina mulkinku, ban san abin da kuke ci ke nan ba. An ɓoye mini. Wallahi ba za a ce a zamanina talaka ya kwana yana tauna katako ba. Daga yau na haramta noman kuɓewa a wannan birni. A tuge ta duka. Na 'yanta ku."

Guɗa ta tashi. Wannan umarnin dai bai kwana ba. Kafin la'asar awakin Majalisa sun share fangali huɗun tas, har sun tattake ƙasar don kada wani abu ya sake tsirowa.

Sai Barau ya sanar cewa Malama Tabawa za ta matso ta yi jawabin godiya a madadin waɗanda aka ceta. Ta ajiye kwandonta, ta karkaɗe ƙayoyinta, ta nufi gaban rumfa. Tana wucewa Cindo ya riƙo ƙafarta.

"Yaya, ki taƙaita," ya ce a hankali. "Kuma don girman Allah, kar ki ambaci alayyahu."