Faifan da Rana Ta Gasa

Ba na jin zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar, ko da yake na sha gwadawa.

Shekarata ta farko ce a Riyad. Na gama digiri a Zariya, na samu aiki a wani kamfanin gine-gine, amma ban da gaisuwar ofis ba ni da mai yi min magana. Daga aiki sai ɗaki, in toshe kunne da kiɗan rok na Turawa. Tun ina jami'a nake son sa, sai dai ban cika faɗa ba, don yawanci kallon mai taɓin hankali ake yi min.

Wata rana Faisal, abokin aikina, Bahaushe haifaffen nan wanda Larabcinsa ya fi Hausarsa tsayuwa, ya ji abin da ke fita daga wayata. Ya ce akwai wasu 'yan tsirarun masu son rok da ke haɗuwa bayan La'asar ran Juma'a a unguwar Badi'a, gidan Yaya Nura, wani mutumin Jos. Kowa ya kawo abin da ya saya da abin da yake ji a satin. Ya ce in zo, amma baƙo sau ɗaya ake gayyatarsa. In an ce ya dawo ya zama ɗan gida, in ba a ce ba shi ke nan. Ni kuwa ina son a ce min in dawo fiye da yadda zan iya bayyanawa.

Don kada in je hannu rabbana, ran Asabar na shiga kasuwar Batha na yi ta leƙa shagunan tsofaffin kaya har na samu faifan garmaho guda, kwalinsa shuɗi. Ba ni da abin kunna shi, kuma na ƙi neman waƙoƙin a waya, wai ina so in fara jin su tare da jama'a. Matsalar ita ce mu uku ne a ɗaki, ɗaya daga cikinmu kuma duk abin da ya gani a shimfiɗe zama yake a kai. Sai na yi dogon nazari, na ajiye faifan a mota, can baya ƙarƙashin gilashi inda babu abin da zai danne shi. A watan Yuli. (Na san abin da ke ranka. Ni a lokacin ɓarawo kaɗai nake tsoro.)

Al'adarsu ita ce kowa ya rufe ido kafin a ciro faifai, don kada suna ko hoto ya ruɗi kunne. Mai faifan ne zai ɗora da hannunsa, shi ma ya rufe ido, kuma shi zai fara magana in kiɗa ya tsaya. Ran Juma'ar, da aka zo kaina, na zaro shi daga kwalinsa. Na ga ya ɗan yi doro kamar murfin tukunya, amma ban taɓa riƙe irinsa ba, na ɗauka haka ake yin su.

Kiɗan da ya fito ban taɓa jin kamarsa ba. Jita ta miƙe, ta lanƙwasa, ta yi lilo kamar kawalwalniya a titin filin jirgi da tsakar rana. Muryar mawaƙin tana nutsewa tana tasowa kamar daga cikin kwalekwale yake rerawa. Ɗakin ya ɓace min. Na ga kaina a bakin madatsar ruwa a Samaru da yamma, hadari ya haɗo, ƙasa tana ƙamshi. Ina jin har da ɗan hawaye, ko da yake mai yiwuwa sanyin na'ura ne.

Kwatsam kiɗan ya tsaya. Idona a rufe na fara bayani. Na ce a nawa ɗan fahimtar, kuma ina iya yin kuskure, da gangan suka sa jitar nan rangaji, don su nuna rayuwar baƙo da ba shi da wurin tsayawa. Na yaba yadda suka yanke waƙar a tsakiya, na ce wannan sai gwanaye.

Shiru ya yi yawa, sai na buɗe ido. Kowa idonsa a buɗe, da alama tun tuni. Yaya Nura na tsugune, ya ɗage allurar da yatsa, faifan kuma yana ta juyawa yana hawa da sauka kamar raƙumi.

"Ƙanena," ya ce a hankali, "ina ka ajiye abin nan?"

"A mota, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Asabar."

Faisal ya kama ciki don dariya. "Ya akhi, wannan ba saya ka yi ba, gasawa ka yi. Saura miya."

Can aka tashi. A bakin ƙofa na daɗe ina ɗaure takalmin da ba shi da igiya, ina jiran kalma ɗaya. Yaya Nura ya sallami kowa, sannan ya juyo.

"Kai, mai rangaji. Juma'a mai zuwa kai za ka kawo mana burodi. Shi zafin mota gyara shi yake."

Daga baya na nemi waƙar a waya. Ashe mai sauri ce, miƙaƙƙiya, ba Samaru ba hadari. In za a yarda in faɗi gaskiya, ta ranar ta fi min daɗi. Abin da na koya dai shi ne, duk daɗin da abu ya yi maka, kafin ka buɗe baki ka fara buɗe ido, ko da guda ne.