"Ku" Ɗin da Na Faɗa a Cikin Lif

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Kuɗin Goro ta Duniya,
Mai ɗaukar laifin mutum ɗaya ya raba wa al'umma guda,
Ta hannun duk wanda ya san ƙofar ofishinku.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramar yarinya ga manya, da fatan kuna lafiya, ku da ma'aikatanku da ba sa hutun Juma'a balle na Lahadi, ina roƙon ku ba ni aron kunne. Amma kafin ƙorafi akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Umma. Wata bakwai ke nan ina auren wani yaro a cikin kaina. Shi bai sani ba.

Sunana Maimunat, shekarata goma sha shida, 'yar Zariya ce amma a ƙasar Larabawa nake zaune da iyayena, a unguwar International City, hawa na uku. Shi yana hawa na huɗu. Bature ne, dogo, gashinsa kamar bai taɓa jin labarin mataji ba. A lif kawai muke haɗuwa, daƙiƙa goma sha tara daga ƙasa zuwa hawanmu, kuma duk ina kallon takalmina. Sai dai ni mai karatun littattafan soyayya ce a waya, don haka daƙiƙa goma sha tara ta ishe ni. A wata na biyu na musuluntar da shi, na raɗa masa suna Muhyiddeen. A na uku Baba ya ƙi, na kwanta asibiti, aka yi mini ƙarin ruwa leda huɗu, Baba ya sauko. Ƙamshin sabulun wanki yake yi, na mayar masa da shi turaren oud. Yanzu haka 'ya'yanmu biyu, ana maganar makarantar babbar.

A fili kuwa kalma biyu kacal na taɓa ce masa, kuma su ne dalilin wannan wasiƙa.

Ga yadda aka yi. Ƙanwar Umma, Anti A'i, shekara tara tana aikin kula da tsofaffi a wata ƙasar Turai da ba zan kama sunanta ba. Makon jiya suka yi zaɓe. Wata jam'iyya da ke lika hoton akwati a bango, wai baƙi su tattara, ta sami ƙuri'a fiye da yadda aka zata. Anti ta turo saƙon murya na minti goma sha ɗaya, a tsakiya muryarta ta karye, ta ce wani ya tare ta a tashar bas ya tambaye ta ko ta fara haɗa kaya. Umma ta share hawaye ta aike ni sayen burodi. Ina dawowa na shiga lif, sai ga Muhyiddeen, idonsa jawur. A littafi idan idon jarumi ya yi ja kishi ne. Ni ranar na fassara shi da yinin murnar wannan zaɓe, tunda Bature ne. Na ɗago kai, karo na farko a wata bakwai, na ce: "Yu fiful!" Wato "ku mutanen nan".

Ya ce bai ji ba.

Ranku ya daɗe, Allah ya ba ni dama ta biyu, sai na yi amfani da ita wajen gyara harafi. Na tattara leɓɓana na fitar da shi tsaf yadda malamar Turanci take so, har da nuna yatsa. Lif ya buɗe, na fita ina jin kaina jarumar babi na ƙarshe.

To ga ƙorafina.

Na ɗaya. Ina son sanin ma'aunin da kuke rabo da shi, domin ni an daɗe ana auna mini. Duk ranar da aka nuna wani ɗan Najeriya a labarai an kama shi da damfara, washegari a aji sai idanu su juyo kaina, wata ma ta ja jakarta kusa da ƙafarta. Ni da ko "na'am" ba na iya cewa da ƙarfi idan ana kiran suna, ni ce zan yaudari attajirin wata ƙasa? Mai tasi ya rage gudu, ya leƙo, ya ƙara mai. Wace takarda na sa wa hannu na karɓi wannan kaso? Ana gadonsa ne, ko da fasfo ake haɗowa? In da fasfo ne, a wane shafi yake, don na duba har bango.

Na biyu. Lissafinku na zaɓe bai fita ba. Anti ta ce cikin mutum huɗu da suka jefa ƙuri'a, ɗaya ne ya zaɓi masu akwati. Ina kuka kai ukun? Ni dai a lif na haɗa duka huɗun, na ƙara da wanda ko katin zaɓe ba shi da shi. Akwai tsohon da Anti take yi wa wanka kullum, shi ya zaɓe su, da bakinsa ya faɗa mata tana goge masa baya, ya ce ai ba ita yake nufi ba, ita daban ce. A ɗaki na gaba akwai tsohuwar da ba ta zaɓe su ba, amma tun ranar take kuka, tana riƙe hannun Anti tana neman gafarar abin da kakanninta suka yi a Afirka shekara ɗari da suka wuce. Anti ta ce mata: "Na yafe, Mama, ɗaga ƙafa in cire zanin gadon." Ku duba mini, wanda ya yi abin ya ce ba ruwansa, wadda ba ta yi ba ta ɗauki na duniya ta ɗora a ka, kuma duka biyun Anti ce ke wanke su. Wannan rabon wane ma'aikacinku ya yi shi, kuma an ƙara masa girma ko?

A nan ya kamata in faɗi gaskiya, mu ba gwanayen zaɓe ba ne. Ni ban taɓa ganin akwatin zaɓe ido da ido ba. Katin Baba yana cikin durowa a Zariya tun ina firamare. Amma daga kan kujerar falo ya kayar da gwamnati uku a Turai, ya kuma bayyana wa Umma halin Turawa kaf ɗinsu kafin shayinsa ya huce. Zaɓe ɗaya ake yi a gidanmu, na wanda zai riƙe rimot ɗin AC, shi ma ba a taɓa ƙirga ƙuri'ata ba.

Na uku, kuma a nan ne nake son ƙasa ta tsage. Me ya sa ba kwa haɗa wa sababbin ma'aikata da taswira?

Ran Litinin Salomi ta zo cin tuwon Umma kamar yadda ta saba. Salomi 'yar Zonkwa ce, Kirista, tana gyaran gashi a shago ɗaya da mahaifiyar yaron. Ta biyo ni kicin ta ja ƙofa, ta ce: "Ke shiru-shirun munafunci, me kika yi wa ɗan Diana? Yaro ya dawo gida ko abinci bai ci ba." Na ce wane ɗan Diana. Ta ce Elvis mana, na sama. Ashe Muhyiddeen yana da suna tun kafin in ba shi. Na ce ai su ne suka zaɓi masu korar Anti. Salomi ta ajiye cokali ta ce: "Su wa? Habibti, 'yan Albaniya ne fa."

Ranku ya daɗe, a garin nan komai da Al yake farawa. Al Sabkha, Al kaza, Al kaza. Wallahi na ɗauka unguwa ce. Na tambaye ta bas mai lamba nawa ke zuwa Al Baniya. Sai da ta zauna a kan buhun shinkafa don dariya.

Da ta gama share hawaye ta yi mini karatu. Ƙasa ce guda, kuma ba su suka yi zaɓen ba. Mahaifin Elvis magini ne a ƙasar da Anti take, takardunsa ba su gama fitowa ba, kuma akwatin da ke jikin bango har da shi ake nufi. Jan idon da na gani, daga waya da babansa ya fito. Wato ni da shi kuka ɗaya muka shiga lif da shi, na ɗauki nawa na kwaɗa masa.

Sannan ta ƙara da abin da ya ƙarasa ni. Musulmi ne. Tun kakanni. Wata biyar ina koya masa alwala a cikin kaina, ina yi masa haƙuri idan ya manta shafar kai! Kuma wani abu mai ɓawo da cuku a ciki da mahaifiyarsa ke aiko mana a faranti, wanda Umma ke karɓa da godiya ta ajiye wa Salomi saboda "abincin Turawa wa ya san me ke ciki", Salomi ta san halal ne tun ranar farko. Ta ce ba a tambaye ta ba, kuma yana da daɗi.

Na huɗu. Na yi ƙoƙarin kare kaina, ina so a rubuta. Na ce wa Salomi ai a Hausa "ku" girmamawa ce. Ga shi ku ma tun daga sama "ku" nake ce muku. Yarinya mai kunya ba ta ce wa wanda take ganin girmansa "kai" gatsal, don haka fassara ce ta ci amanata. Ta kalle ni ta ce: "Yatsan da kika nuna masa fa, shi ma na girmamawa ne?" Na janye wannan ƙorafi. Na bar lambarsa ne kawai don kada lissafi ya rikice.

Na biyar. Wa ya ɗauke ni aiki a hukumarku ba tare da an gwada ni ba? Don na zauna na duba, ashe na daɗe a ciki. Mai gadin gininmu shekara biyu ina ce masa ɗan Indiya, ɗan Nepal ne. Matan kantin ƙasa duk 'yan China ne a bakina, ko ɗaya babu 'yar China. Na iya jin zafin kuɗin goro idan ni aka yi wa, na kuma iya yi wa wasu ba tare da na ji komai ba. Kun ba ni kaki da bai da nauyi, shi ya sa ban san ina sanye da shi ba.

Kuma me ya hana ku ɗaukar Salomi? Ita ce ke da takardun shiga. Shekarun baya an ƙona shagon babanta a wani rikici a gida, waɗanda suka ƙona kuwa alƙiblarmu ɗaya da su. Sau ɗaya na ji ta ba Umma labarin, suna tsinkar zogale. Na kasa kunne ina jiran kalmar, don na san in ta faɗa ba mu da bakin musu. Ba ta ce "ku" ba. Ta ce "wasu mutane". Sannan ta ce a miƙo mata tire. Ni da aka yi wa Antina tambaya ɗaya a tashar bas na hukunta nahiya guda.

Saboda haka, ranku ya daɗe, cikin ladabi nake sanar da ku na ajiye aiki daga yau. Ba na neman sallama ko takardar yabo. Masu akwati suna nan, wanda ya tare Anti yana nan, kuma fushina da su bai ragu ba. Amma zan riƙa yin sa da suna, ɗaya bayan ɗaya, ko da zai fi cin lokaci.

Sauran matsala ɗaya. Tun ranar Elvis bai sake shiga lif ba. Hawa huɗu yake takawa a ƙafa, a wannan zafin da ko tsuntsu ba ya fita, ina jin takunsa yana wuce ƙofarmu. Farantin ma ya daina saukowa, Umma tana ta tambaya ko lafiya. Kuma ran Asabar za su tashi, sun sami ɗaki mai sauƙi a unguwar Hor Al Anz. Kwana uku ke nan. Na gwada ban haƙuri a gaban madubi ya fi sau arba'in, da na ji taku a matakala sai murya ta gudu ta bar ni. Abin da na iya kawai rubutu, shi ma da Hausa, shi kuma ba ya ji.

Na nemi ofishinku ban samu ba, ga alama rassa kawai gare ku, ɗaya a kowane ƙirji. Don haka hanya ɗaya ta rage: in ba Salomi ta hau sama ta karanta masa da Turanci. Salomi kuwa bakinta ba shi da birki. Kafin magariba Umma za ta ji labarin ƙarin ruwa leda huɗu, Anti A'i za ta turo saƙon minti ashirin, kuma har in tsufa sunana Maman Biyu. Na riƙe shafin farko zan yage har sau uku. Amma in na cire shi, zai ɗauka na tsane shi ne don fatarsa. Gaskiyar ta fi haka muni: na so shi wata bakwai don fatarsa, na zage shi don ita, ban taɓa tambayar sunansa ba.

Khalas, shi ke nan. Zan wanke farantinsu da ya kwana biyu a wurinmu, in zuba dambun Umma, in ɗora wasiƙar nan a kai da duka shafukanta. Salomi na tashi aiki ƙarfe huɗu.

Ku huta lafiya cikin girma da ɗaukaka, Allah ya rage muku ma'aikata.

Salomi, idan kin zo nan ki daina dariya, ki karanta a hankali, kuma ki ce masa wannan "kai" ɗin na mutum ɗaya ne. Elvis, kai nake nufi. Kai kaɗai. Ka yi haƙuri. Allah ya fito da takardun babanka. Ka koma shiga lif, ni zan bi matakala.

Tsohuwar ma'aikaciyarku mai matuƙar biyayya, wadda ta daina,
Maimunat Zailani,
Hawa na uku, ƙofar da ke kusa da lif.