Yadda Za Ka Harba Roka da Kyamarar Matarka a Kan Tafki

Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbaci rokarka za ta tashi. Batun inda za ta sauka kuwa, ban ce komai ba. Ni mai gyaran fanka ne. Shekara goma sha tara ina sa abubuwa suna juyawa a wuri ɗaya, sai bara na ga ya kamata in sa wani abu ya yi sama. Don haka gyara zama, gwani ke magana.

1. Fara da cika baki

Kafin ka sayi ko da gam, gaya wa kowa. Maƙwabtan shago, masu kawo gyara, musamman surukinka, wanda har yau bai gane abin da 'yarsa ta gani a jikinka ba. Ka ce masa za ka ɗauko hoton tafki daga sama, yadda shirwa ke ganinsa. Nawa ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To, Injiniya. Allah Ya nuna mana." Na ɗauka yabo ne.

2. Haɗa rokar

Bututun kwali, fikafikai uku, hancin roba, 'yar laimar sauka, da ɗan injin da ake sayarwa tare da takardar bayani. Takardar nan ka ninke ta ka cusa ƙarƙashin ƙafar teburinka da ke rawa, a nan ta fi amfani. Idan fiffike ɗaya ya karkace, karkata kanka kaɗan, zai miƙe.

3. Samo kyamara

Kada ka sayi sabuwa. Matarka tana da 'yar ƙarama da take ɗaukar darasin ɗinki da ita, tana tura wa ɗalibanta. Ɗauke ta da safe daga kan keken ɗinki. Wannan ba sata ba ce, aro ne da ba a kai ga sanarwa ba. Kada ka tsaya duba ko ta kwashe darussan wata uku da ke cikin katin kyamarar. Mai binciken sararin sama ba ya leƙen kayan mata. Naɗe ta a leda, ka ɗaure da salatif a gindin roka. Nauyi zai rinjaya gefe ɗaya. Kawar da kai.

4. Zaɓi ruwa

Tafki ba shi da rufin da zai kama wuta, ba shi da maigidan da zai fito da sanda. Don sanin inda iska ke kaɗawa, jiƙa yatsa ka ɗaga sama, ka gyaɗa kai a hankali. Ni har yau ban san abin da yatsan ke faɗi ba, amma masu kallo suna nutsuwa.

5. Danna

Daidai ka fara ƙirga daga goma, matarka za ta iso tare da mahaifinta, tunda kai ka gayyace shi. Za ta ƙura wa ledar ido.

"Baban yara, abin da ke ɗaure a gindin kwalin nan, ba kyamarata ba ce?"

Ka ce, "Yanzu za ta dawo." Ka danna maɓallin harbawa.

Tawa rokar ta yi sama kamar tsayin bene hawa uku, ta tsaya kamar ta tuna wani abu, ta karkata, ta tsunduma tsakiyar ruwa. Laimar ta buɗe sarai, bayan an riga an isa.

6. Nemi masunci

Akwai wani dattijo a bakin ruwa yana gyaran taru, ya ga komai. Gaishe shi da ladabi. Zai tambaye ka, "Malam, ka iya ruwa?" Ka faɗi gaskiya, sau ɗaya dai a ranar. Zai ce, "To shiga ka zauna tsakiyar kwalekwale, kuma kada ka taɓa komai." Duk shawarwarin da aka ba ni a kan harkar roka, babu wadda ta kai wannan.

7. Kalli sakamako tare da iyali

Kyamara ta mutu. Katin ya rayu. Muka sa shi a kwamfutar matata, ta fara buɗe darussanta ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan. Sannan aka buɗe nawa: minti biyu na ƙofofin hancina ina ɗaura salatif, sai ga ni ina gudu na yar da takalmi ɗaya, sai sama ta daƙiƙa uku, sai duhu. Surukina ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa.

Ita ba ta yi ba. Ta rufe kwamfutar ta ce, "Da darussan nan sun tafi, mata ashirin da biyu zan kalla in ce musu me?"

A wannan matakin babu dabara. Ka sunkuyar da kai, ka ba da haƙuri, kuma ya zama har cikin ranka.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora bai ɗauki alhakin kyamara, gira, takalmi ko zaman lafiyar gidan kowa ba. Wanda ya bi matakan nan, shi ya jiyo. Mai ƙorafi ya same ni a shago kowace rana ban da Asabar. Ranar ina gida tsaye a gefen keken ɗinki, riƙe da waya ina ɗaukar darasi, ana ce mini in daina numfashi da ƙarfi, yana shiga cikin bidiyo.