Yadda Za Ka Dawwama Cikin 'Yan Amshin Ustaz Wajih Ba Ka Iya Ƙirga Warshan Ba

Kai da kake ɓacewa tun a bugu na tara, share hawayenka. Bi matakan nan, na rantse ranar Alhamis in Ustaz Wajih ya tashi tankaɗe 'yan amshi, ba mai taɓa wurin zamanka. Shekara sha ɗaya na yi a gidansa a birnin Halab ina amsa waƙa a kan warshan, salon kiɗa mai bugu talatin da biyu kafin ya zagayo, ban taɓa ƙirga shi ya cika ba.

1. Zaɓi maƙwabci
Zauna kusa da Abu Zuhair mai sabulu, gwiwarsa ba ta ƙarya. A kanta ake buga kiɗan: tafin dama ya sauka, dum, na hagu, tak. Saci kallo ka bi. Ka guji Fadil, shi ma taka gwiwar yake kallo.

2. Lumshe ido, amma bar kafa
Kaɗa kai kamar waƙar ta tsuma ka. Masana sun tabbatar ba a tuhumar mai kaɗa kai.

3. In ka ɓace, ja "aman"
Kalmar shauƙi ce ta mawaƙan can, ja ta har babban dum na farkon zagaye ya dawo. Ustaz ya ɗaga gira, ka ce, "Allah gafarta Ustaz, shauƙi ne."
Zai ce, "Shauƙin nan naka kullum a bugu na tara yake kama ka?"
Riga kowa dariya.

4. Ji tsoron es
Es shi ne gurbin shiru, ana ƙirga shi ba a bugawa. Mutum sha biyu hannu a sama, kai kaɗai ka sauke, tas! Maza duba gwiwarka ka ce sauro ne. Sau ɗaya a shekara, kuma ban da lokacin sanyi.

5. Kada ka yi fice
Nan aka ci ni. Na ƙware a kaɗa kai har Ustaz ya ce, "Abu Nadim, yau kai za ka ja su. Kowa ya bi gwiwarsa."
Abu Zuhair ya juyo ya tsura mini ido. Ina jiransa, yana jirana. Gida ya yi tsit, har gahawa ta huce.
Ustaz ya ce, "Masha Allah! Ban taɓa jin es mai tsawon wannan ba."
Wallahi na yi kuka a hanya, don ina son waƙar nan kamar raina.

Gargaɗi
In an kama ka, ban san ka ba, ban rubuta komai ba. Mai ƙorafi ya same ni ranar Alhamis a bakin ƙofa, inda yanzu nake jera wa 'yan amshi takalma.