Yadda Za Ka Canza Soket a Gidan Surukai Su Ba Ka Matarka

Kai ma'aikacin sakatariya a Dutse, wanda matarka Hindatu ta tafi wankan jego Aujara, arba'in ta wuce har yau ba a maido maka ita ba: matso kusa. Dalilin a fili yake. Mahaifinta Baffa ya ce biro kawai ka iya riƙewa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za su canza ra'ayi.

1. Nemo mai laifi

Bayan gaisuwa, kana tsugune a zaure, ka dubi soket ɗin nan da ya yi baƙi, wanda Baffa yake jona rediyonsa. Girgiza kai ka ce, "Subhanallahi." Kada ka ƙara komai. Gwani ba ya bayani.

2. Kada ka cire fis

Masu tsoro ne suke cirewa. Tun farkon damina ba a kawo wuta garin ba, har kaza ta yi ƙwai a bayan firij. Ciro sukundireban da ka aro a Yalwawa ka kwance soket ɗin.

3. Zaɓi haɗi

Waya uku za ka gani: ja, baƙa da koriya. Koriyar ado ce, tura ta ciki. Sauran biyun, ko dai ka ɗaure kowace da notinta, aikin da zai ƙare kafin a san ka yi, ko ka cusa su a rami ka toshe da tsinken ashana, aikin 'yan tasha. Kai murɗawa za ka yi: ka fere wayar da haƙori, ka murɗa da yatsu, ka naɗe da ledar burodi. Wannan ne ake gani daga nesa.

4. Idan aka kawo wuta

Za a kawo. Wutar ƙasar nan ta san lokacin da mutum ya riƙe jar waya. Yara za su yi ihu a waje, kai kuwa ba ka da wannan dama. Gidan Fulani ne, suruki ba ya kuka a gaban surukai. Zagi ma babu, shari'a ake yi yanzu. Cije leɓe ka yi karkarwarka cikin ladabi.

Baffa ba zai dube ka ba, kunya ce tsakaninku. Zai fuskanci bango ya ce, "A ce wa baƙon nan ya saki jikinsa, nan ma gida ne."

Inna kuma, uwar Hindatu, daga bayan labule: "Allah sarki, mijin Hindatu akwai kunya. Ji yadda jikinsa yake ɓari a gaban Malam!"

Haƙuri. Wutar ba ta daɗewa, za su ɗauke.

5. Karɓi sakamako

Hularka tana hayaƙi, rediyo yana magana, Baffa ya gamsu. Zai ce da bangon, "Ashe muna da injiniya a gida. Hindatu ta haɗa kayanta, da zarar ya gama na masallaci, da na gidan yayana, da na gidan dagaci, su tafi."

Ka ce, "To, Baffa." Ai ba a yi wa suruki musu.

Sanarwa

Marubucin nan bai taɓa riƙe waya ba, da aci-balbal yake karatu. Alkawarin da na yi na canza ra'ayi ne, kuma sun canza. Gira da ta ƙone, haƙorin da ya fita, ko Hindatu da ta zauna takaba a ɗakin da ta yi jego, duk babu ruwana.