Gajeruwar Sanda a Majalisar Toron Giwa

A wani daji da ya cinye tsohon filin golf bayan mutane sun tashi sun bar shi, dabbobi suka tsinci jaka guda cike da sanduna da fararen ƙwallaye. Raƙumin Dawa ya ce ya san wasan, domin ya sha leƙen masu yin sa ta saman katanga. Abin da ake hangowa daga can shi ne a ɗaga sanda, a maka wa ƙwallo, ta tashi sama, a tafa. Haka ya koyar, haka aka ɗauka. Kafin damina ta fita an kafa Majalisar Golf, Toron Giwa ne shugaba, Gauraka magatakarda.

Bisa girman jiki aka raba sanduna. Toron Giwa ya ɗauki doguwa mai ƙaton kai, ya sa mata suna Aradu. Jimina ta sami ta ƙarfe, matsakaiciya. Gyado ya sami mai baki kamar cokali, wadda ake kwaso ƙwallo da ita daga yashi. Saura wata gajeruwa mai shafaffen kai, wadda ba ta ɗaga ƙwallo ko taƙi guda. Ita aka miƙa wa Kyallu, wata bushiya da ke ƙarshen layi, aka kuma yi wa sandar laƙabi da sandar tsohuwa.

Kyallu ta yi karatu a wajen Mujiya, ba ta kuma ɓoye hakan. A aljihun jakar nan akwai wani ɗan littafi da Gauraka ya mayar mafici. Ta ara, ta karance shi tas. Tun daga ranar, kullum da safe tana wajen wata tsohuwar tuta da ke ƙarshen filin, inda majalisa ke ajiye kujerar shugaba saboda laushin ciyawar wurin. A gindin tutar ta tono wani ɗan rami da ƙasa ta cike, ta share shi, ta dinga tura ƙwallo ciki. Damina uku tana wannan. Ruwa ya dake ta, rana ta gasa ta, ƙwallo ta tsaya mata a bakin rami sau ba adadi. Masu wucewa sukan ce, "Kyallu, gida kike ginawa ne? Ai ya yi miki kaɗan!" Ita kuma ta ce, "In na gama zan gayyace ku."

Ran nan wasiƙa ta zo daga Dajin Gabas: za a yi gasa, kowane daji ya aiko da ɗan wasa ɗaya, da sanda ɗaya tak. Daji ya ɗauka. Birai suka hau rassa suna ihu, zabi suka fasa kiwo, har Kunkuru an gan shi yana sauri. Aka kira zama a gindin tsamiya don a tantance sandar da ta fi kowace muhimmanci.

Toron Giwa ya buɗe taro. "Jama'a, ba don Aradu tawa ce zan faɗi haka ba. Ni ba ni da ra'ayi, shugaba ne ni. Amma wa ya taɓa jin an yi guɗa don ƙwallo ta mirgina? Bara na buga wata, har yau ba a gan ta ba. Wasa ke nan."

Jimina ta miƙe wuya. "Ranka ya daɗe, an ji ƙarar, ba a musu. Amma tawa ba ta cika nisa ba, ba ta cika kusa ba. Duk wanda ya zaɓe ta ba zai ɓata wa kowa ba. Na daɗe a majalisar nan da wannan hali, ban taɓa yin asara ba."

"Ku duka surutu kuke," in ji Gyado. "Ina ƙwallo ke ƙarewa? A yashi. Ni duk bugun da na yi a yashi yake sauka, don haka babu wanda ya kai ni sanin wurin. A ba da cokali."

Wuri ya kaure. Sai Gauraka ya kaɗa maficinsa. "Kafin a daidaita kan wadda ta fi amfani, mu fara da wadda muka yarda ba ta da shi. Ina ba da shawara a karɓe sandar tsohuwa a riƙa buga ƙararrawar taro da ita. Kuma kun san doka, wanda ba shi da sanda ba shi da kujera."

Kowa ya juya wajen Kyallu. Ta hau kan saiwar tsamiya don a gan ta, ƙayoyinta a tsaye.

"Ranka ya daɗe, ba roƙo na tashi yi ba. Da kuka ba ni sandar nan dariya kuka yi, na karɓa. Damina uku ina tsugune a gindin kujerarka, ban nemi a tafa mini ba. Tambaya ɗaya gare ni: a cikinku wa ya taɓa gama wasa? Farawa kuke yi, a yi shewa, a tafi cin abinci. Malam Gauraka, abin da kake fifita da shi ɗin nan, shafi na biyu ya ce ba a gama ba sai ƙwallo ta shiga rami. Gobe a fito fili. Aradu da sandar tsohuwa, daga gindin kuka zuwa tuta. In na faɗi, da hannuna zan rataya ta a jikin ƙararrawa."

"Wane rami?" in ji Gyado.

"Wanda kake takawa kullum in za ka gaida shugaba, Baba."

Aka fashe da dariya, Toron Giwa ma ya dara. "'Yar nan, kina da baki. Na yarda."

Washegari da hantsi babu masaka tsinke a filin. Toron Giwa ya naɗe Aradu da haurensa na hagu da hancinsa, ya juya, ya saki. Ƙwallo ta yi fito a iska. Zabi suka rangaɗa guɗa, birai suka yi ta faɗowa daga reshe don murna. Bugu na biyu ya sauke ta kan lallausar ciyawa, taku huɗu daga tuta.

Kyallu kuwa tana can baya. Ta buga, ƙwallo ta gangara. Ta bi ta da gudu, ta sake bugawa. Ba ta nufi tuta kai tsaye ba, sai ta bi gangaren da ruwa ke bi in an yi sama, wanda ta sani kamar tafin hannunta. Gauraka na ƙirga mata da ƙarfi don a ji daɗin dariya. "Bakwai! Takwas! Sannu da hanya, Kyallu!"

A can gaba Toron Giwa ya dubi ramin, karon farko a rayuwarsa. Ya yi mamakin ƙanƙantarsa. Ya ɗan taɓa ƙwallo da Aradu, ta wuce tuta ta faɗa yashi. Gyado ya yi tsalle. "Ban faɗa ba?" Toron Giwa ya bugo ta daga yashi, ta tsallake zuwa wancan gefen. Ya dawo da ita, ta daki kujerarsa. Gumi ya keto masa. Yana bugu na ashirin da uku Kyallu ta iso, numfashinta sama-sama, ƙayoyinta duk ƙura.

Bugu goma sha uku ta yi. Saura taku shida tsakanin ƙwallonta da rami. Ta kwanta ta dubi kwanciyar ciyawa, ta tashi, ta taɓa. Ƙwallo ta tafi kamar za ta kauce, ta karkato, ta zagaya bakin ramin sau ɗaya, ta faɗa. Ƙwas!

Gauraka ya gyara murya. "Shugaba ashirin da uku, Kyallu goma sha huɗu!"

Fili ya ɗauki sowa. Birai suka ruga za su ɗaga Toron Giwa, suka ga ba zai ɗagu ba, suka ɗaga Aradu.

"Shafi na uku!" Kyallu ta ƙwala da iya ƙarfinta. "Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci! Kuma tasa ba ta shiga ba tukuna!"

Gauraka ya buɗe maficinsa, ya daɗe yana dubawa, har da shafin da babu rubutu. Sannan ya gyaɗa kai. Sowa ta juya. Zabi suka kewaye Kyallu, ƙananan dabbobin da ba su taɓa buɗe baki a taro ba suka yi ta kiran sunanta.

Majalisa ta keɓe a gindin tsamiya, ba ta jima ba ta dawo. Gauraka ya karanta matsaya: an tabbatar gajeruwar sanda ita ce mafi muhimmanci a wasa, kamar yadda shugaba ya daɗe yana hasashe. Saboda haka sanda mai wannan daraja ba ta dace da hannun bushiya ba. Daga yau tana wajen shugaba, shi zai tafi da ita Dajin Gabas. Batun kujerar Kyallu kuma, doka ba ta canja ba.

Kyallu ta share sandar da ganye, ta miƙa da hannu biyu. "Ga ta, ranka ya daɗe. A riƙe ta a hankali, ba ta son ƙarfi."

Ta juya ta tsinci wani busasshen karan dawa da iska ta kawo bakin fili, ta karye shi daidai tsayinta. Ta ajiye ƙwallo taku goma daga tuta, ta duƙa, ta taɓa. Ƙwas!

"Malam Gauraka," ta ce, "rubuta cewa ina da sanda."

Ya rubuta. A takardar gayyatar zama na gaba, abu na farko da majalisa za ta tattauna shi ne muhimmancin karan dawa.