Malam Sallau da Wayar Makaranta

A Unguwar Marke akwai wani malamin firamare, Malam Sallau. Gidansa daga shi sai matarsa Ladidi, sai tsohuwarsa Iya Tabawa da ido ya yi wa rauni. Mutumin kirki ne, ba ya ƙetare magana. To, nan fa gizo ke saƙa: abin da ka ce masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Alli da allo ya sani. Waya kuwa, ko kallo ba ta ishe shi ba.

Wata rana hedimasta, Malam Gambo, ya miƙa masa babbar waya. Ya ce, "Duk malamin da sufeto ya tarar ba ya aiki da wannan, hayin kogi za a mai da shi." Malam Sallau kuwa ba shi da wanda zai bar wa Iya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ya zan yi?" Hedimasta ya ce, "Ka riƙa shiga aji da ita." Ya kuwa riƙa shiga da ita, naɗe cikin tsumma a aljihun riga, ko iska ba ta sha.

Wata rana hedimasta ya leƙo, ya ce, "Haba Malam! Fito da ita, ka kunna, yara su gani." Malam Sallau ya kunna, ya jera yara sahu. Kowa ya zo ya leƙa, ya ce "Na gani," ya koma ya zauna. Ana cikin haka aka kaɗa ƙararrawar tashi.

Wata rana kuma hedimasta ya haɗa masa iyayen yara a zaure ɗaya cikin wayar. Ya ce, "Duk abin da ya faru a aji ka sanar da su, da murya, tunda yawancinsu ba su yi boko ba." Kai, jama'a! Ranar wayoyin gari ba su huta ba. "Salamu alaikum, Ɗanliti ya yi atishawa." Can sai, "Akuya ta shigo." Can kuma, "Ta fita." Uban Ɗanliti ya yar da fartanya ya rugo daga gona, ya tarar da ɗansa yana cin gyaɗa. Hedimasta ya dafe kai, ya ce, "Darasi kawai, Malam Sallau! Darasi kawai!"

Shi ke nan. Kullum sai ya danna waya tun daga "Ku zauna" har zuwa "Ku tashi," ya tura wa iyaye darasin ɗungurungum. Hedimasta ya sallama, ya ce wannan kam sai hayin kogi. Ladidi ta fara ɗaure kaya tana share hawaye.

Wata rana sai ga sufeto, fuska ba annuri. Ya tsaya gaban aji ya ce, "Bakwai sau takwas?" Tsoro ya kama yara, aji ya yi tsit.

Sai aka ji wata murya ta taga: "Hamsin da shida!"

Aka waiga. Gwaggo Yalwa ce mai ƙosai, bayanta matan gari sun cika taga. Ta ce, "Yallaɓai, muna daka muna saurare, muna suya muna saurare. Mu da ba a kai mu boko ba, da tsufanmu aji ya biyo mu har madafa. Yanzu a kan sau tara muka tsaya. In kun ɗauke shi, wa zai ƙarasa mana?"

Sufeto ya dubi hedimasta, ya ce, "Dabarar wa ce wannan?" Hedimasta ya yi gyaran murya ya ce ai shi ya ba da umarni. Sufeto ya ce, "To, Malam ba ya zuwa ko'ina."

Malam Sallau ya matso kusa da hedimasta da waya a hannu.

"Ranka ya daɗe, Iya za ta so ta ji wannan. Amma darasi ne in tura, ko in bari?"